Shin intanet zai iya cika? Yadda kamfanonin bincike suka shafe shekaru 30 suna gardama kan hasashe

Duk bayan 'yan shekaru sai wani rahoto ya fito daga Amurka ko Turai yana gargaɗin cewa intanet ya kusa cika, kuma muddin ba a zuba maƙudan kuɗi ba, nan ba da jimawa ba komai zai tsaya cak. Jaridu su ɗauka, 'yan siyasa su maimaita, sannan wasu masana su fito su ce lissafin bai yi daidai ba. An yi haka a 1995, an sake a 1998 da 2007, kuma tun daga 2022 ake wata sabuwar muhawarar a Tarayyar Turai.

Har yanzu intanet bai cika ba. Sai dai alƙaluman da aka yi ta yaɗawa sun yi tasiri na gaske: sun sa an narkar da biliyoyin daloli, sun taimaka wajen durƙushewar manyan kamfanoni, kuma da su ake kafa hujja a duk lokacin da ake jayayya kan wanda ya kamata ya biya kuɗin hanyoyin sadarwa. Ga yadda abin ya faro, da dalilin da ya sa hasashen ke yawan kuskure.

Mene ne ake hasashe?

Abubuwa biyu ake aunawa. Na farko shi ne zirga-zirgar bayanai, wato yawan saƙonni da hotuna da bidiyon da ke ratsa wayoyi. Na biyu shi ne ƙarfin ɗauka, wato iyakar abin da wayoyin da na'urorin za su iya wucewa da shi a cikin daƙiƙa guda. Kamar titi ne da motoci: idan motoci suka fi ƙarfin titi, sai cunkoso.

Shimfiɗa waya a ƙarƙashin teku ko tona rami daga birni zuwa birni aiki ne na shekaru, don haka dole mai zuba jari ya san tun yau abin da za a buƙata nan da shekara biyar ko goma. A nan kamfanonin bincike ke samun kasuwa. Irin su TeleGeography da Analysys Mason da Nemertes Research suna tattara alƙaluma, su yi hasashe, su sayar wa kamfanonin sadarwa da bankuna da gwamnatoci. Akwai kuma masu ƙera kayan aikin, kamar Cisco da Ericsson da Sandvine, waɗanda su ma suka riƙa fitar da nasu rahotannin.

Matsalar ita ce babu wata hukuma guda da ke ƙidaya duk abin da ke ratsa intanet. Dubban kamfanoni ne ke haɗe da juna, kuma yawancinsu na ɗaukar alƙalumansu a matsayin sirrin kasuwanci. Mai hasashe yana samun ɓangare ne kawai, sauran ya cike da ƙiyasi.

Mutumin da ya shanye maganarsa

A watan Disamban 1995, Bob Metcalfe, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro fasahar Ethernet da ke haɗa kwamfutoci, ya rubuta a mujallar InfoWorld cewa intanet zai rushe a 1996. Ya kuma yi alƙawarin cinye rubutun nasa idan hakan bai faru ba. Shekarar ta zo ta wuce lafiya. A watan Afrilun 1997, a gaban mahalarta wani babban taro kan yanar gizo a jihar Kalifoniya, ya jefa takardar cikin injin markaɗe, ya zuba ruwa, ya sha.

Wannan dai abin dariya ne, ba wanda ya yi asara. Hasashen da ya biyo baya shi ne ya jawo kuka.

Labarin kwana 100

A ƙarshen shekarun 1990, magana guda ta mamaye kasuwar sadarwa ta Amurka: wai zirga-zirgar intanet na ninkawa duk kwana 100. An fi jin maganar daga bakin shugabannin UUNet, reshen kamfanin WorldCom, wanda a lokacin yake cikin manyan masu ɗaukar bayanan intanet a duniya. A 1998 Ma'aikatar Kasuwanci ta Amurka ta sanya alƙalamin a cikin wani rahotonta, daga nan ya zama tamkar gaskiyar da ba a musu a kanta.

Bari mu duba abin da lissafin ke nufi. Abin da ke ninkawa duk kwana 100, a shekara guda zai ƙaru fiye da sau 12, a shekara uku kuwa kusan sau 2,000. Wanda ke ninkawa sau ɗaya a shekara, a shekara uku sau 8 kawai zai ƙaru. Mai gina hanya don sau 2,000 da mai gina ta don sau 8 ba aiki ɗaya suke yi ba.

A wannan shekarar ta 1998, wasu masu bincike biyu na ɗakin nazarin kamfanin AT&T, Andrew Odlyzko da Kerry Coffman, suka tattara alƙaluman da suka iya samu, suka gano cewa zirga-zirgar tana ninkawa ne kusan sau ɗaya a shekara. A bayanin Odlyzko, an ga irin wancan gudun na ɗan lokaci a 1995 da 1996, sa'ilin da yanar gizo ke sabon shiga gidaje, amma aka ci gaba da maimaita maganar bayan gudun ya lafa. An kuma riƙa gauraya faɗin hanyar da kamfani ya gina da yawan bayanan da suka bi ta cikinta.

Kaɗan ne suka saurare su, domin kasuwar hannun jari na ta hauhawa. Kamfanoni suka ciyo bashi suka shimfiɗa wayoyin fayiba a ƙasa da teku, mafi yawansu kuma suka zauna ba a ko kunna su ba. Farashi ya faɗi warwas. Global Crossing ya bayyana karyewa a watan Janairun 2002. WorldCom ya bi sahu a watan Yuli, bayan an bankaɗo maguɗin lissafi da ya kai kimanin dala biliyan 11, kuma a 2005 kotu ta yanke wa tsohon shugabansa Bernie Ebbers ɗaurin shekara 25. Dubban ma'aikata sun rasa aiki, masu ajiyar fansho da dama sun tafka asara.

Rahoton Nemertes na 2007

Shekara biyar bayan nan sai tsoron ya juya. An kafa YouTube a 2005, Google ya saye shi a 2006, Netflix ya fara nuna fina-finai ta intanet a 2007. A watan Janairun shekarar, wani manazarci mai suna Bret Swanson ya rubuta a jaridar Wall Street Journal cewa ambaliyar bayanai na tafe, wadda za a riƙa aunawa da eksabayit, wato gigabayit biliyan guda.

A watan Nuwamban 2007, Nemertes Research, ƙarƙashin jagorancin Johna Till Johnson, ya fitar da rahoton da ya ce buƙatar masu amfani da intanet na iya zarce ƙarfin hanyoyin da ke kai shi gidaje nan da 2010. Ya ƙiyasta cewa Amurka na buƙatar ƙarin jari na dala biliyan 42 zuwa 55 a kan wanda aka riga aka tsara, duniya baki ɗaya kuma dala biliyan 137. A watan Afrilun 2008, wani babban jami'in AT&T, Jim Cicconi, ya yi irin wannan gargaɗi a birnin Landan, shi ma ya ambaci 2010.

Kanun labarai suka ce intanet zai mutu nan da shekara uku. Rahoton kansa bai faɗi haka ba. Ya ce manyan wayoyin da ke haɗa birane da nahiyoyi za su wadatar, inda za a sha wahala shi ne zangon ƙarshe, tsakanin kamfani da gidan mutum, kuma abin da za a gani jinkiri ne, kamar yadda wutar lantarki ke rage ƙarfi ba tare da an ɗauke ta ba.

Masu suka sun tsaya kan abu biyu. Na farko, cikin waɗanda suka tallafa wa binciken suka kuma yaɗa shi akwai ƙungiyar Internet Innovation Alliance, wadda AT&T ke cikin mambobinta. Nemertes ya dage cewa babu wanda ya tsara masa sakamako. Amma lokacin da rahoton ya fito ya ja hankali: ana tsakiyar taƙaddama kan ko kamfanonin sadarwa na da ikon fifita wasu bayanai a kan wasu. Wata guda kafin nan, kamfanin dillancin labarai na AP ya gano cewa Comcast na daƙile masu amfani da BitTorrent, kuma a watan Agustan 2008 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ce hakan ya saɓa ƙa'ida. Duk wanda ya yarda cewa hanya ta kusa cika, cikin sauƙi zai yarda a bar mai hanya ya zaɓi wanda zai wuce, ko ya ƙara kuɗin fito.

Na biyu shi ne alƙaluman kansu. Odlyzko, wanda a lokacin ya koma Jami'ar Minnesota, ya kafa wani shiri na bin diddigin zirga-zirga a cibiyoyin musayar bayanai na ƙasashe daban-daban. Abin da ya gani shi ne ƙaruwar kashi 50 zuwa 60 cikin 100 a shekara, wato gudun raguwa yake yi. A ganinsa, ingantuwar na'urori da saukar farashinsu sun isa su shanye wannan ƙari ba tare da an ninka jari ba.

Me ya sa bai cika ba?

Shekarar 2010 ta zo, bidiyo ya ƙaru fiye da kowane lokaci, intanet kuma bai tsaya ba. A lissafin Cisco, a 2016 zirga-zirgar duniya ta haura zetabayit guda a shekara, wato eksabayit 1,000. Dalilai huɗu ne suka hana cikar.

Na farko, wayar fayiba ba ta da iyaka guda. Silin gilashi ne da haske ke bi ta cikinsa, kuma injiniyoyi sun koyi aika launukan haske da dama a sili ɗaya, kowane launi da nasa kayan. Sau da yawa sauya na'urorin da ke bakin wayar ya isa a ninka ƙarfinta, ba sai an sake tona rami ba. Wayoyin da suka kassara masu jari a 2002 su ne aka saya da arha aka kunna daga baya.

Na biyu, an matso da kaya kusa da masu buƙata. Maimakon kowane mai kallo ya ɗebo fim daga Amurka, sai a ajiye kwafinsa a rumbun da ke garinsu ko ƙasarsu. Akamai ya fara wannan sana'a a 1998, Google ya rarraba nasa rumbunan, Netflix kuma ya ƙaddamar da tsarinsa na Open Connect a 2012.

Na uku, dabarun matse bidiyo sun inganta, ta yadda hoto mai kyau iri ɗaya yake cin data kaɗan fiye da da.

Na huɗu, an gina intanet ne ya riƙa sassautawa da kansa. Bayan wani mummunan cunkoso da aka yi a 1986, Van Jacobson ya fito da tsarin da ke sa kwamfuta ta rage gudu da zarar ta ji hanya ta matse. Manhajojin bidiyo ma haka suke: idan sabis ya yi rauni, sai hoton ya dushe amma kallo ya ci gaba.

Gwaji mafi girma ya zo a watan Maris na 2020, lokacin kullen korona. Cibiyar musayar bayanai ta DE-CIX da ke Frankfurt a Jamus ta kafa tarihi da fiye da terabit 9 a daƙiƙa guda. Kwamishinan Tarayyar Turai Thierry Breton ya nemi Netflix ya rage nauyin bidiyonsa, kamfanin ya amince na tsawon kwana 30, abin da ya ce zai rage zirga-zirgarsa a Turai da kimanin kashi 25 cikin 100. An samu jinkiri nan da can, amma tsarin ya jure.

Inda masu gargaɗin suka yi gaskiya

Adalci ne a ce Nemertes ya nuna wurin da ya dace, ko da bai dace da lokaci da girman matsalar ba. Zangon ƙarshe shi ne mai rauni, musamman a wayar salula, inda duk masu amfani da turke guda suke raba ƙarfinsa. A 2009 masu iPhone a New York da San Francisco sun yi ta kokawa da layin AT&T, kuma a watan Yunin 2010 kamfanin ya daina sayar wa sababbin kwastomomi data marar iyaka.

Wannan ya nuna cewa tambayar "intanet zai cika?" tun asali a karkace take. Intanet ba bututu guda ba ne. Wata hanyar tana iya zama wayam alhali wata, a unguwa ta gaba, ta toshe da ƙarfe tara na dare.

Sabon zagaye a Turai da Koriya

Gardamar ta dawo da sabon salo. A 2022 ƙungiyar manyan kamfanonin sadarwa na Turai, ETNO, ta ɗauki nauyin wani rahoto na kamfanin Axon, wanda ya goyi bayan a sa manyan kamfanonin fasaha su ba da gudummawa wajen gina hanyoyi. Sun dogara da alƙaluman Sandvine da ke cewa kamfanoni shida, wato Google da Meta da Netflix da Apple da Amazon da Microsoft, su ke da fiye da rabin zirga-zirgar duniya.

A ɗaya ɓangaren, ƙungiyar INCOMPAS, wadda wasu daga cikin kamfanonin fasahar ke ciki, ta ɗauki nauyin binciken Analysys Mason. Shi kuma ya ce tsakanin 2018 da 2021 zirga-zirga ta ƙaru da fiye da kashi 160 cikin 100, amma kuɗin da kamfanonin sadarwa ke kashewa a kan hanyoyinsu kashi 3 kacal ya ƙaru. Kowane ɓangare da kamfanin bincikensa, kowane kamfani da alƙalumansa. A watan Oktoban 2022, BEREC, majalisar hukumomin sa ido kan sadarwa na Turai, ta ce a nazarinta na farko ba ta ga hujjar tilasta biyan ba.

A Koriya ta Kudu, inda ake da irin wannan tsari na biyan kuɗin hanya, SK Broadband da Netflix sun yi shari'a har zuwa watan Satumban 2023 kafin su sasanta. Dandalin Twitch kuwa ya rufe harkokinsa a ƙasar a watan Fabrairun 2024, yana mai cewa tsadar hanya ta fi ƙarfinsa.

Ina abin ya shafi yankinmu?

A gaɓar tekun Afirka ta Yamma, ƙarfin ɗauka ya ƙaru sosai. Wayar Equiano ta Google ta sauka a Lome da Legas a 2022, ga kuma 2Africa mai tsawon kilomita 45,000 wadda Meta ke cikin masu ita. Rahotannin TeleGeography na 'yan shekarun nan sun nuna Afirka ce nahiyar da ƙarfin intanet ɗinta na ƙasa da ƙasa ya fi saurin ƙaruwa.

Amma ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyi huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a tekun da ke kusa da Kodebuwa. Intanet ya yi rauni ko ya ɗauke a Ghana da Benin da Laberiya da Najeriya da Nijar da wasu ƙasashen, bankuna da masu aika kuɗi ta waya suka shiga tasku, hukumar sadarwa ta Ghana kuma ta ce gyara zai ɗauki aƙalla mako biyar. Ba cika wayoyin suka yi ba. Hanya ɗaya suka bi, tsautsayi ɗaya ya same su.

Nijar da Chadi, da ba su da gaɓar teku, sai sun ratsa ƙasar maƙwabta kafin su kai ga waɗannan wayoyi: Nijar ta Benin da Burkina Faso da Najeriya, Chadi ta Kamaru da Sudan. Shi ya sa aikin shimfiɗa fayiba ta Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ke tallafawa don haɗa Aljeriya da Nijar da Chadi da Najeriya, yake da muhimmanci: ƙarin hanya ce, idan ɗaya ta yanke a bi wata.

Akwai kuma giɓin da alƙaluman zirga-zirga ba sa nunawa. Ƙungiyar kamfanonin salula ta duniya, GSMA, ta ce fiye da rabin mutanen Afirka kudu da Sahara suna zaune ne a inda sabis ke kaiwa amma ba sa amfani da intanet, galibi saboda tsadar waya da data da kuma ƙarancin ilimin sarrafa su. Ga ɗan kasuwar da ke zango a Kumasi yana kiran iyalinsa a Maraɗi, ko ɗalibar da ke Garwa tana sauraren darasi daga Kano, yawan terabit ɗin da ya sauka a bakin teku ba shi ne abin dubawa ba. Abin da ya dame su shi ne ƙarfin turken unguwa, da wutar da ke kunna shi, da farashin gigabayit guda.

Yadda za a karanta rahoto na gaba

Rahotannin ba za su daina fitowa ba. Yanzu ma an shiga sabon yayin hasashe kan ƙirƙirarriyar basira da manyan rumbunan bayanan da take buƙata, kuma masana da dama na tuna wa masu jari abin da ya faru a 2002. Idan wani rahoto ya iso gare ku, tambayoyi huɗu za su taimaka.

Wa ya biya kuɗin binciken, kuma wace doka ko wane farashi ake jayayya a kai a lokacin da ya fito? Biyan kuɗi ba ya nufin ƙarya aka yi, amma ruwa ba ya tsami banza.

An auna ne ko an ƙiyasta? Alƙalamin da aka ɗauko daga cibiyar musayar bayanai, wanda kowa zai iya dubawa, ya fi wanda wani kamfani ya faɗa ba tare da ya nuna tushensa ba.

Wane ɓangare na hanya ake nufi: teku, ko tsakanin birane, ko turken unguwa?

Sannan, an ɗauka cewa gudun bana zai dore har shekara goma? A nan ne labarin kwana 100 ya kife, domin an ɗauki gudun shekara biyu aka mai da shi na dindindin, aka kuma ciyo bashi a kansa.